Ashe ba rezo ba ne

Jama'a ku sa ni a addu'a!

Kun san na daɗe ina zagin kamfanin kebul da ke ba mu intanet. Duk sanda na kira Mama a Damagaram ta bidiyo, hoto baƙi ƙirin, muryarta a kakkarye. Ƙanwata Rabi da ke riƙe mata wayar kullum sai ta ce rezonmu na Amurka, wato intanet ɗinmu, ne ba kyau. Haushi ya sa na koma ƙaramin kamfanin intanet ɗin nan da ya haƙa titinmu a Glenwood ya binne wayar faiba.

Yau mai haɗawa ya zo, ashe ɗan zangon Kumasi ne. Ya gama ya ce, "Anti, gwada."

Na kira. Baƙi dai! Na hau shi da faɗa.

Ya leƙa wayar, ya sassauta murya. "Anti, layinki lafiya lau. Kamar yatsa aka ɗora a kamarar can."

Na ce, "Rabi, ɗauke hannunki!"

Sai Rabi ta fashe da kuka. Ta ɗauke.

Innalillahi! Mama kwance, ta rame, baki a karkace, ɓarin jiki ya shanye. Tana ta jan mayafi da hannun mai lafiya don ta rufe fuska.

Da ƙyar ta ce, "Kar ki yi mata faɗa, ni na hana. Kin ci abinci?"