Bakaniken da Ba Ya Tayar da Inji

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, bakanike ne. Injin niƙa, injin ban-ruwa, janareta, duk abin da ke shan mai yana ƙara, shi ake kai wa. Rumfarsa na bakin hanya: benci ɗaya, akwatin sifanu, da tsumman da ya fi gindin tukunya baƙi. Ba ya kwance inji sai ya fara kara kunne. Zai saurara kaɗan, ya ce maka filogi ne, kuma filogin ne. Ga shi da baƙar magana. Wanda ya bar injinsa ba mai har ya ƙone, sai Kawu ya tambaye shi ko matarsa ma haka yake barinta da ƙishirwa.

Da yaƙin basasa ya iso wajenmu, jirage suka fara zuwa daga gabas suna jefa bam a ƙauyuka, sai kunnen Kawu ya zama na gari. Tun jirgi bai bayyana ba yake jin sa, har ya bambance na kaya da na bam. Ya rataye tsohon ƙarfen taya a bishiya. Da ya ji, sai ya buga da guduma, kowa ya ruga kwarin da ke bayan gari. Ya kafa doka: daga hantsi zuwa azahar, lokacin da jiragen suka fi zuwa, kada wanda ya tayar da inji, don kada ƙara ta hana shi ji. Mai shago ya taɓa kunna janareta, Kawu ya je ya zare filogin ya jefa aljihu. Wata bakwai, an yi mana ruwan bam sau huɗu. Gidaje sun ƙone, awaki sun mutu, amma ba mu rasa mutum ko ɗaya ba.

Sai injin ban-ruwan masu lambu ya lalace. Kwana uku yana fama da shi, shuka na bushewa. A rana ta huɗu da hantsi ya gama ɗaure shi. To, ka san bakanike, in ya gama aiki bai ji inji ya tashi ba, zama ma gagararsa yake. Matarsa ta ce ya bari sai azahar. Ya ce minti biyu ne kawai. Ya ja igiya, inji ya kama, ya sunkuya ya kara kunne.

Cikin mintunan nan jirgi ya zo. Bam biyu, ɗaya a bakin rijiya. Mutum goma sha ɗaya suka rasu, tara mata ne. Har da 'yarsa ta fari, da cikinta wata shida. Mijinta ne ya kawo ta gida, don an ce garinmu ya fi aminci saboda kunnen babanta.

Ba wanda ya ɗora wa Kawu laifi, shi ya ɗora wa kansa. Ni dai abin ya ba ni haushi, na je na gaya masa ba shi ya jefa bam ba, wanda ya jefa yana can yana shan shayinsa. Ya ci gaba da goge sifana.

"Shi aikinsa ya yi," ya ce. "Ni fa?"

Yau shekara shida da ƙarewar yaƙin. Kawu na nan a rumfarsa, gyaransa bai ragu da komai ba, baƙar maganar ce dai ta tafi. Jiya na kai masa janaretana. Ya kwance, ya ɗaure, ya turo min shi da ƙafa. Na manta tun ranar bai sake tayar da inji ba, na ce ya tayar mana mu ji.

"Kai shi gida ka tayar," ya ce. "In bai yi ba ka dawo da shi."

Ya koma kan bencinsa, ya karkata kai wajen gabas.