Gonar Gwaggo da Fayil na Bakwai

A gidanmu da ke garin Turawa, kwafa ibada ce. Baba malami ne. Na tashi ina ganinsa a zaure yana kwafar littafi da alƙalamin kara, ƙamshin tawada na bin iska har cikin gida.

Da na dawo daga karatun kwamfuta, na rubuta 'yar manhaja mai gaya wa manomi mudu nawa na irin gyaɗa gonarsa za ta ci. Fayil bakwai ce, kowanne da irin ƙasarsa. Lissafin kuwa guda ne, ɗan guntun umarni da muke kira fanshin. An koya mana a ajiye shi a fayil ɗaya, sauran su janyo shi da layi guda. Ni fa abin bai kwanta min ba. Sai na ga kamar ci-ma-zaune ne, fayil ya zauna yana miƙa hannu gidan maƙwabci. Na zauna a gindin ɗorawa na buga shi da hannu sau bakwai, iskar bazara na kaɗawa, ina jin kaina wani babban marubuci.

Daga baya na gano kuskure a lissafin, na gyara a fayil shida. Na bakwai, na ƙasar jigawa mai yashi, ya shige min.

Gonar Gwaggo, yayar Baba, jigawa ce, can hanyar Kafin Dafga. Da ita take ci da marayun jikokinta. Ita ta fara yarda da ni. Abin da na faɗa ta tanada, ragowar irin ta yi ƙuli da shi.

Ran shuka, irin ya ƙare a tsakiyar gona.

Da na yi wa Baba bayani, bai ɗago daga takardarsa ba. Ya ce, "Mu da ba mu da mafita ne muke kwafa. Kai an ba ka hanyar komawa ga asali, ka ƙi?"

A yammacin nan na goge shida, na bar ɗaya, kowane fayil ya janyo daga gare shi. Ko minti biyar ban yi ba. Wannan ne ya fi min ciwo.

Da damina ta yi nisa na je gonar. Rabi kore shar, rabi farin yashi, shamuwa na yawo a kai kamar a mafarki. Na buɗe baki zan nemi gafara.

Gwaggo ta riga ni. "Ɗan nan, kar ka damu. Ni ce na tsufa, ina jin ban auna daidai yadda ka ce ba."