Yatsun Mama da Na'urar Ofis

A cikin keke napep aka sace wa mahaifiyata jaka, tsakanin kasuwar Kakuri da gidanmu a Nasarawa. Ta ce wata mata ce mai goyo ta matso jikinta, har ma ta yi wa jaririn wasa. Sai da ta sauka za ta sallami mai keke ta ga igiyar jakar kaɗai ke rataye a kafaɗarta, an yanke ta da reza. Waya, katin banki, katin zaɓe, da takardar da ke ɗauke da lambarta ta ɗan ƙasa, duk sun tafi.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare, kuma ina zaune tare da ita tun bayan rasuwar Baba. Mama sabulun wanki take haɗawa a tsakar gida, ta yanka, ta kai kasuwa. Ranar da ba kasuwa, wankau take karɓa.

Washegari muka je wurin 'yan sanda suka rubuta rahoto, daga nan muka wuce kotu neman takardar rantsuwa. Da aka miƙo mata Littafi Mai Tsarki ta kalli magatakardan ta ce, "Ɗana, ni aka yi wa sata, kuma ni zan rantse?" Ya yi dariya ya ce haka tsarin yake. Ta ɗora hannu ta rantse.

Na ɗauka mun gama mai wuyar, ashe ba a fara ba. Banki suka ce sai ta kawo lambar ɗan ƙasa. Kamfanin waya su ma suka ce ba za su mayar mata da layinta ba sai da lambar. Ita kuwa lambar ba wanda ya taɓa tunanin ya kwafe ta a wani wuri. Sai muka nufi ofishin katin ɗan ƙasa, muka bi layi tun rana ba ta yi zafi ba har ta take tsaka.

Ma'aikaciyar da muka samu ta ce abu ne mai sauƙi, da zanen yatsa za a nemo ta. Mama ta ɗora babban yatsa a kan gilashin na'urar ɗaukar zanen yatsa. Shiru. Aka gwada manuni, aka gwada ɗayan hannun, aka goge gilashin aka sake. Matar ta juya tafin hannun Mama ta duba, ya yi sumul kamar bayan cokali.

"Mama, wane aiki kike yi?"

"Sabulu."

"To soda ce ta cinye miki zanen. Ki huta da aikin ruwa, ki riƙa shafa man kaɗe. In Allah ya so zai fito, amma sai kin yi haƙuri."

Muna fitowa wani mutum ya tare mu a bakin ƙofa, ya ce kada mu wahalar da tsohuwa, ya san inda za a yi mata sabuwar rajista yau yau ɗin nan, a ɗan sauya suna kawai. Ni dai na gaji, har na tsaya ina saurarensa. Mama ta ja ni gaba. Ta ce, "Ni ɗaya Allah ya yi, kuma an riga an rubuta ni a ciki. Wadda ke ciki nake nema."

Tunda nake ban taɓa ganin Mama a zaune hannu sake ba sai wannan karon. Ta kife robobin sabulu, ta mayar wa masu wankau kayansu. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da muke katanga ɗaya, ta ji labari ta shigo ta kwashe kwanukanmu ba tare da ta tambayi kowa ba. Mama ta miƙe za ta hana ta, Hajiya ta ce, "Zauna, 'yar uwa. Kin taɓa ruwan nan ni da ke ne." Matan zumunta na cocinmu suka raba ranakun kai sauran sabulun kasuwa. Ni kuma girki ya dawo kaina, Mama na gefe a kan tabarma tana gyara mini gishiri da baki.

Zaman ya fi mata aikin wuya. Wata rana na dawo daga makaranta na iske ta tsaye a kan bahon wanki, ta zuba wa ruwan ido. Ba ta taɓa ba. Ta koma ɗaki ta ɗauko man kaɗenta.

Komawarmu ofishin ta farko, na'urar ta sake ƙi. A keke Mama ta ce, "Gashi yana tsirowa, farce yana tsirowa. Wannan ma jiki ne."

Sai da damina ta kusa fita muka sake zuwa. Ma'aikaciyar nan ta gane mu, ta ce Mama ta hura wa yatsan iska tukuna. Babban yatsa ya ƙi, manuni ya ƙi. Ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda bai cika shiga aiki ba, shi ne ya kama. Hoton Mama ya bayyana a allon kwamfuta, da ɗankwalin da ta ɗaura ranar rajista shekarun baya.

"Ga ni nan," in ji Mama, da ƙarfi har na kan layi suka juyo.

Daga ofishin ba mu je gida ba. Ta ce yunwa ta jira, muka wuce kamfanin waya aka mayar mata da layinta, muka sa shi a tsohuwar wayata. Tun kafin mu kai titi ta kira yayanta a ƙauye, wanda ya ɗauka fushi take da shi. Na tsaya a inuwar wani shago ina riƙe da takardun, ita kuma tana ba shi labari tun daga matar mai goyo.