Bayan Wasiƙar da Baba Ya Manne

Shekaru sun goge mini abubuwa da dama, amma akwai guda ɗaya da ba na jin zai bar zuciyata muddin ina numfashi. Ya faru ne a shekarar da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙabilu a arewacin Gana. Lokacin ina aji biyu a wata kwalejin horar da malamai a can, tafiyar yini guda cur a mota daga gidanmu na unguwar Nima da ke babban birnin ƙasar.

A gidanmu akwai wani babban littafi mai baƙin bango da muke kira littafin gida. Kakana ne ya fara shi bayan ya dawo daga yaƙin Bama na zamanin Turawa, ya manna takardar sallamarsa daga soja a shafin farko. Da ya rasu, Baba ya gaje shi. Duk takardar da ta shigo gidan, in dai tana da ƙima a idon Baba, nan take kwana: hotunan suna, sakamakon jarrabawa, tikitin motar da ta kai ni makaranta a karon farko. Yana da tsarinsa. Mama za ta dama masa sitacin rogo a ɗan kofi, ya shafa a kan shafin da gashin kaza, ya ɗora takarda, ya danne da tafin hannu. Dokarsa ɗaya ce, abin da aka manna ba a ɓamɓarewa. Yakan ce takardar da ke yawo ba ta tsufa a gida.

A makaranta ina da ƙawa guda da muka haɗa gado, ita a ƙasa ni a sama. 'Yar Maamobi ce, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, mahaifiyarta na sayar da waache, wato dafaffiyar shinkafa da wake, a bakin titi. Tun ranar da ta ji ni ina Hausar Zongo ta ce ta samu 'yar gida, muka haɗa akwatin abinci. Ni mai shiru ce, mai yawan kallon taga da rubuta waƙoƙi a gefen littafin darasi. Ita kuwa baki gare ta kamar rediyo. Takan leƙo gadona ta ce, "Malama mai waƙa, sauko ki sha gari, wata ba zai cika miki ciki ba."

Da yaƙin ya matso, sai makaranta ta zama kamar tsibiri. Sojoji suka tsaya a ƙofa, aka hana fita. Malaman da suka rage suna koyar da mu a ƙarƙashin mangwaro, don ajujuwan sun cika da matan ƙauyuka da 'ya'yansu da suka gudo. Muna koyon yadda ake tsara darasi, hayaƙi na tashi a bayan gonaki, kowa na yi kamar bai gani ba. Famfo ya ƙafe. Garinmu ya koma sha ba sukari. Gidan waya ya rufe, takarda ma ta yi wuya, sai muka koma yage shafukan tsofaffin littattafanmu muna rubuta wasiƙa a gefen da babu rubutu. Wani direban motar doya da ya san Baba shi ke kai mini wasiƙa gida, duk lokacin da sojoji suka rako motoci. Wasiƙu uku na aika a haka, kowace da tsohon darasi a bayanta.

Ƙawata ba ta cikin natsuwa. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, ba ta ma jin yarensa, amma sunansa take ɗauke da shi, kuma sunan na ɗaya daga cikin ƙabilun da ke faɗa ne. A garin da makarantar take, sunan kaɗai ya isa ya jawo wa mutum bala'i. Mai surutun nan ta koma ba ta amsa kiran suna sai da kai. Wata tsohuwa da ke dafa mana abinci ta lura, ta ce za ta fitar da ita cikin jikokinta, su tsallaka kogi zuwa wajen dangin tsohuwar a Togo.

Da safiyar ranar da za su tafi direban ya iso. Takarda ɗaya ce ta rage mana mai tsabta gaba da baya, ambulan ma ɗaya. Ta rubuta tata da fensir a gefe ɗaya, ta gaya wa mahaifiyarta garin da za a same ta da gidan da za a tambaya. Ta miƙo mini ta ce in rubuta tawa a ɗaya gefen, in kuma rubuta a ƙasa cewa a juya, a kai wa mahaifiyarta Maamobi. Na ce to.

Na ɗauki biro na gaida Baba da Mama, na ce muna lafiya. Sai idona ya faɗa kan wata jaririya da ke barci a kan tebur ɗin ajinmu, uwarta na kore mata ƙuda da littafin rajista. Baitoci suka zo mini, na bi su, har na cika takardar zuwa bakinta. Direba ya danna ham. Na ninke, na liƙe, na ruga. Ban rubuta a juya ba, kuma ban tuna ban rubuta ba. Da rana ta yi muka yi sallama a bayan madafa, ta yafa tsohon zane kamar 'yar ƙauye, tana ce mini in kula da akwatinmu kada ɓeraye su gaje mu.

Sai bayan mako shida aka kwashe mu zuwa kudu. Na sauka Nima, aka yi ta murna, Mama na shafa fuskata tana cewa na zama ƙashi. Washegari da hantsi na nufi Maamobi, ina ɗokin jin ko ƙawata ta riga ni isowa.

Na tarar da teburin waache a kife. A tsakar gida mata na tsince shinkafa a manyan faranti, ba mai dariya. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce wani da ya gudo daga arewa ya ba da labarin an tare 'yan makaranta a hanya, kuma tun da aka fara yaƙin ba a ji ɗuriyar yarinyar ba. Uwar ta bar sana'a, kullum tana tashar motocin arewa tana tambayar duk wanda ya sauko. Dangi sun gaji, sun sa ranar Juma'a za a yi addu'a da sadaka, uwar ce kaɗai ta ƙi yarda.

Na same ta a ɗaki zaune a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna da ƙarfi, ta yi ta kallon bayana kamar wani zai shigo.

"Mma, ba ki ga wasiƙarta ba?" na tambaya.

"Wane wasiƙa, ɗiyana? Ko layi ɗaya ban gani ba."

A nan ne abin ya dawo mini, ham ɗin direba da baitocin da bakin takardar. Na so in ce direba ne, na so in ce yaƙi ne, kowa zai yarda. Amma hannunta na cikin nawa. Na gaya mata gaskiya tun daga farko. Ba ta zage ni ba. Ta miƙe ta ɗauki mayafi, ta ce in wuce gaba.

A ƙafa muka zo Nima, tana gabana duk da ni ce na san hanya. Baba na zaune a ƙofar ɗaki. Da na yi masa bayani ya ɗauko littafin ya buɗe, ga wasiƙata a manne lumui, ba ko kumburi. Ya ce ya ga rubutun fensir a baya lokacin da ya warware ta, amma idonsa ba ya kama fensir sosai, kuma ya ɗauka darasi ne irin na sauran ukun. Sai ya shiga shafa gefen shafin da babban yatsa. A iya sanina, tun zamanin kakana ba a taɓa cire komai daga littafin nan ba.

Matar ta ce, "Alhaji, ni ban iya karatu ba. Amma in hannun yarona na ƙarƙashin nan, ina so in gan shi."

Baba ya ɗago ya ce wa Mama ta ɗora buta a wuta.

Ya sa reza ya yanke shafin gaba ɗaya daga littafin. Da butar ta tafasa, ya riƙe shi a kan tururi, yana ɗaga gefen wasiƙar da bakin wuƙa kaɗan-kaɗan. Ina tsaye ina kallon tawadar birona tana narkewa. Gaisuwar ta fara tafiya, sannan jaririyar da uwarta, baiti bayan baiti, suka zama shuɗin ruwa suna ɗiga a kan siminti. A da ina ganin ban taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba. A ranar kuwa addu'a nake su yi sauri su tafi.

Fensir bai damu da tururi ba. Layi biyu sun bi sitaci sun yage, amma sunan garin da na gidan suna nan. Baba ya miƙo mini ya ce in karanta, tunda ni na ɓoye. Na karanta. A ƙarshe ƙawata ta rubuta cewa kada Mma ta bar wa kowa tukunyarta, don babu mai iya yajinta. Matar ta yi wata 'yar dariya da ta juye ta zama kuka, Mama ta rungume ta. Da ta natsu ta karɓi takardar da danshinta, ta ninke, ta ƙulle a bakin zane.

Ƙanen matar ya kama hanyar Togo a ranar. Shinkafar da aka tsince ba a fasa dafa ta ba, sai dai an ɗaga ranar, ta koma ta murna. Bayan kwana tara ya dawo da ƙawata, ta rame, ta yi fama da zazzaɓi, kullum tana zuba ido ga hanya tana mamakin me ya hana a zo. Na kwana biyu ina jin kunyar zuwa, har ta aiko a kira ni. Ina shiga ta dube ni daga kan katifa ta ce, "Malama mai waƙa, an ce waƙar ma ta narke. Da dai kin bar mini ita, in ga abin da ya fi ni."

Muka yi dariya, amma na san ba duka ba ne wasa. Ta yafe mini, ta faɗa da bakinta. Sai dai ba ta koma makaranta ba, ta ce ta gama da arewa. Mahaifiyarta kuma ta daɗe kafin ta dawo da ƙarfinta, kuma makonnin da ta yi a tasha ba wanda zai iya mayar mata da su.

Littafin yana hannuna yanzu. Rayuwarmu ta kwaleji a wancan lokaci duk tana ciki: wasiƙu uku, katin rabon abinci, jadawalin jarrabawar da ba a yi ba, da guntun shafin da reza ta bari. Tun daga ranar Baba ya canza tsari, gefe ɗaya kawai yake manna wa takarda, yadda za ta riƙa buɗewa kamar ƙofa, kuma sai ya sa an karanta masa gaba da baya.

Ban daina rubuta waƙa ba. Amma na koyi cewa in wani ya ba ka saƙo, ya ba ka wani yanki na ransa ne, kuma shi ake fara saukewa kafin a sauke abin da ke cikin taka zuciyar, komai daɗinsa. Ban yi mugunta ba, ban yi ƙarya ba, na dai shagala da abin da nake ji har na manta da mai jira. Yanzu na san wannan kaɗai ya isa ya sa uwa ta yi mako shida a tasha.