Hoton Sallah a Rumbun Makaranta

Ni malamin nahawu ne, amma da yake ina sa tabarau sai aka ɗauka na san kwamfuta. Haka aka ɗora mini rumbun bayanan ɗalibai a makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada, inda ake zuba suna da aji da maki, har da hoton kowane yaro.

Hoton fasfo muka ce a kawo. Iyaye suka turo hoton Sallah. Wa zai yarda a yanke masa ɗa daga ƙirji bayan tela ya sha wahalar ɗinki? Ga yaro tsaye cikin shadda, hula a karkace, a bayansa labulen mai hoto na unguwar Kwangila da zanen jirgin sama. Na yi ta cusa su cikin rumbun yadda suka zo.

Rumbu ya kumbura. Sunayen ɗaliban makarantar kaf ba su kai nauyin hula guda a hoto ba. In na danna sunan ɗalibi, sai in je in yi alwala in dawo, kwamfuta na nan tana nazari. Hutu ya matso, sakamakon jarrabawa ya ƙi fita. Hajiya shugabar makaranta takan leƙo ta taga ta tambaye ni ya mai jiki. Zama ya gagare ni. In tashi, in zagaya teburi, in dawo in harari allon kwamfutar.

Na yanke shawarar datse kowane hoto, in bar fuska, in goge na asali. Ina cikin wannan aski na iso kan wata 'yar aji biyu, zaune a cinyar mahaifiyarta. Na san matar ta rasu bara. Na kira uban, wani kafinta a Hanwa, na tambaye shi ko yana da kwafi. Ya ce wayar da hoton ke ciki ta faɗi a kan acaɓa, mai hoton kuma ya daɗe da gogewa.

"Malam, naku kaɗai ya rage. Don Allah a bar ta da uwarta."

Na fasa askin. Na kwashe hotunan duka zuwa wata folda, wato ma'ajiya daban a cikin kwamfutar, na bar wa rumbun adireshinsu kawai. Ya rame, ya yi sauri, sakamako ya fita, Hajiya ta daina zuwa dubiya.

Amma kwamfutar da na ga samunta da rashinta ba abar ba wa amana ba ce. Na kwafi hoton yarinyar a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na tari keke mai ƙafa uku zuwa Hanwa in kai wa uban. Har muka isa hannuna na cikin aljihu, ina laluba ko yana nan.