Yadda "Lafiya Lau" Ta Kusa Raba Ni da Ƙanena

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na san na ɓace muku, har wasu na tambayar maigidana ko na koma gida ne. Ina nan Greensboro. Jinya nake yi, ta ƙanena Kamal, kuma sai yanzu ya yarda in yi magana.

Kamal ya yi aikin soja a ƙasar nan. An kai shi fagen yaƙi, ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa. Muka yi walima, muka ɗauka an gama.

Ashe da saura.

Wata rana yana tuƙa ni a Gate City Boulevard, sai ga baƙar ledar shara a gefen titi. Ya fizge sitiyari har muka kusa gogar motar da ke kusa da mu. Ni da bakin nan nawa, na hau shi da faɗa. Da na juya sai na ga rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ashe a fagen yaƙi cikin irin ledar nan ake ɓoye bam.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. A masallaci sai sahun ƙarshe, jikin ƙofa. A siton da yake aiki wajen titin Wendover kaya suka faɗo da ƙara, ya kwanta ƙasa yana ihu a gaban mutane. Bai sake komawa ba. Ya saki ɗakinsa, ya dawo falona.

Mama daga Kano ta ce sammu ne. An yi ruƙiyya, an aiko rubutu, duk ya sha. Ba na raina addu'a, ita ta riƙe mu. Amma yaron nan ƙara ramewa yake yi, har ya fara cewa ya zame mana kaya, gara babu shi. Wannan maganar ta tsorata ni.

Da ƙyar na ja shi asibitin tsofaffin sojoji. Likita ta ce firgicin yaƙi ne ya zauna masa a ƙwaƙwalwa, suna kiransa PTSD. Ta ce akwai kuɗin haƙƙi da ake ba sojan da aiki ya jawo wa ciwo, ko da ba a ganin ciwon a jiki. Muka nema, ko ya samu ya tsaya da ƙafarsa ya daina ganin kansa kaya.

Aka sa ranar da wata likita daban za ta yi masa tambayoyi. Ya yi aski, ya sa farar shadda, ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Da amsa ta zo, an ƙi. Wai ciwon bai hana shi komai ba.

Na tsare shi a kicin.

"Kamal, me ka gaya wa matar nan?"

"Ta ce yaya nake, na ce fine, lafiya lau, alhamdulillah."

"Barci fa?"

"Na ce da godiya."

"Kai don Allah! Gaisuwa aka aike ka ko asibiti?"

Ya ɗago ya dube ni. "Yaya, so kike in zauna gaban baƙuwa ina kai ƙarar Ubangijina?"

Haka aka raine mu. Bahaushe ko jini ake ƙara masa, ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Ita kuwa baiwar Allah abin da ta ji ta rubuta.

Bayan nan ne abin ya yi muni. Ya ce tunda an ce lafiyarsa ƙalau, to shi malalaci ne kawai. Ya daina shan magani, ya daina cin abinci. Wata la'asar na tarar yana rarraba kayansa, agogo ga wannan, takalmi ga wancan, yana neman gafara. Ban jira kowa ba, na kai shi sashen gaggawa. Suka kwantar da shi, suka karɓe bel ɗinsa da igiyar takalminsa. Na zauna cikin mota na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Da aka sallame shi, wani tsohon soja mai taimakon masu ɗaukaka ƙara ya karɓi maganarmu. Ya ce a sabon gwajin Kamal ya ba da labarin ranarsa mafi muni, ba mafi kyau ba. Kamal ya ce shi ba zai yi ba.

Limaminmu, wani dattijo ɗan zangon Gana, shi ya zo har gida. Ya ce, "Ɗana, faɗa wa likita ciwo ba butulci ba ne. Yi godiyarka a kan sallaya, ka faɗi gaskiyarka a asibiti."

A karo na biyu an bar ni na shiga. Kamal ya yi magana kansa a sunkuye. Abin da na ji ranar ba zan rubuta ba. Muna gida ɗaya, ashe ban san rabin abin da yake ɗauke da shi ba.

An amince. Yanzu yana da ɗan ɗakinsa, yana shan magani duk da kasalar da yake sa shi, yana zuwa zaman da suke yi da sojoji irinsa.

Na gode wa Allah, na gode wa Malam liman, da maigidana da bai taɓa tambayar yaushe za a ba shi falonsa ba.

In kuna da irin Kamal, kada ku bar shi ya je gwaji shi kaɗai. Ku gaya masa tambayar likita ba gaisuwa ba ce. In an ƙi, ku ɗaukaka ƙara. In ya fara raba kaya ko maganar mutuwa, ku kai shi asibiti a ranar.

Kuma kada ku ce ya warke, ku dai sa shi a addu'a. Yana da bindiga, amma tana kulle a wurin maigidana, kuma Kamal da bakinsa ya ce kada a ba shi, ko da ya roƙa.