Sassaƙen Madacin Gwaggo

Ni na yi laifin, ba Gwaggo ba. Shekara shida na bar ta tana ɗauke da shi a idon mutanen unguwarmu.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ita ke ba da magani a Limawa a shekarun da Nasara suka fara shigowa ƙasar Dutse. Akwai wani madaci a bayan gonarmu, nan take ɗibar sassaƙe. Takan sara da gizago, faɗin tafin hannu ta gabas, wani ta yamma, sannan ta shafe wurin da laka. Ba ta dafawa. Jiƙa shi take a kasko har ruwan ya yi ja, ga ɗaci ga bauri. Ɗanyensa har bakin gizagon yake baƙantawa, shi ya sa take cewa abin da ya iya da ƙarfe sai an auna shi kafin ya shiga cikin mutum.

Wata damina matata ta kwanta da zazzaɓi da murɗar ciki, tana da cikin fari wata huɗu. A makon ne mai unguwa ya aiko cewa ina cikin waɗanda za a kai aikin hanyar Nasara, saura kwana huɗu. Na ƙagu in ga ta tashi kafin in tafi. Gwaggo ta duba ta, ta ce rabin ludayi kowace safiya, kada a ƙara, saboda cikin.

Na ce, "Gwaggo, rabin ludayi? Ko kaza ba za ta ji shi ba."

Ta ce, "To kaza ka aura? Ɗan nan, ubanka ma haka yake, tuwo na kan wuta ya riga ya wanke hannu. Rabin ludayi na ce."

Kwana biyu ban ga sauƙi ba. Na ɗauki gatari na je gindin madacin, na ɓare shi zagaye, iya inda hannuna ya kai. Na dafa a tukunya har ruwan ya yi kauri. Na cika ƙwarya na kai wa matata, na ce Gwaggo ce ta aiko. Ta shanye tana hawaye don ɗaci, saboda ta yarda da Gwaggo. Kafin la'asar ta fara amai. Washegari cikin ya zube.

Mata suka tambaye ta me ta sha, ta ce maganin Gwaggo. Ina tsaye a bakin zaure, na ji, ban ce komai ba. Na tafi aikin hanya.

Da na dawo bayan wata biyu, ba mai zuwa wurin Gwaggo. A bakin rijiya ana cewa tsufa ya ɓata mata hannu. Madacin kuwa bai sake fitar da ganye ba. Ran da ta ga inda aka ɓare, ta daɗe tana shafawa, sannan ta dube ni ta ce, "Mai wannan aiki yana sauri." Ba ta ƙara ba, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

A shekara ta shida Allah ya ba mu ɗa namiji. Ranar suna Gwaggo ta zo tana dogara sanda, ta miƙa hannu za ta karɓi jaririn. Ina hango su daga zaure. Surukata ta janye shi, ta miƙa wa wata. Gwaggo ta mayar da hannuwanta cikin mayafi, ta nemi gefen rumbu ta zauna.

Namiji ba ya shiga tsakiyar mata ranar suna, amma na shiga. Na durƙusa gabanta, matata tana ji daga ƙofar ɗaki, na ce, "Jama'a, rabin ludayi Gwaggo ta ce. Ni na dafa, ni na cika ƙwarya, ni na yi ƙarya da sunanta. Gwaggo, na cuce ki, na cuci yarinyar nan. Don Allah ku yafe mini."